John Wooden: Malamin Makarantar Da Ya Mayar Da Filin Wasa Aji

A tarihin gasar ƙwallon kwando ta maza a jami'o'in Amurka, babu mai horar da 'yan wasa da ya ɗauki kofin ƙasa sau da yawa kamar John Wooden, wanda ya lashe shi har sau 10 tsakanin 1964 da 1975 tare da ƙungiyar Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA. Ƙwallon kwando wasa ne da ɓangarori biyu masu 'yan wasa biyar-biyar ke yi da hannu, kowane ɓangare na ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin ragar da aka rataya a sama, kuma a Amurka gasarsa ta jami'o'i tana tara dubban 'yan kallo. Duk da wannan ɗaukaka, Wooden ya fi son a kira shi malami, kuma wanda ya bibiyi rayuwarsa zai tarar cewa kofunan nan sun biyo bayan koyarwa ne, koyarwar da ta samo tushe daga tarbiyyar gida da kuma riƙonsa da addinin Kirista.

An haife shi a ranar 14 ga Oktoba, 1910, a jihar Indiyana, a gidan manoma masu ƙaramin ƙarfi waɗanda daga baya suka rasa gonarsu suka koma garin Martinsville. Mahaifinsa, Joshua, ya saba karanta wa 'ya'yansa Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi da dare, kuma lokacin da yaron ya gama firamare ya ba shi wata 'yar takarda mai ɗauke da nasihohi bakwai, wadda ya adana abin da ke cikinta har tsufansa. Ya yi fice a wasa a Jami'ar Purdue, inda ya kammala digiri a fannin Turanci a 1932, kuma a shekarar ce ya auri Nell Riley, wadda suka san juna tun suna sakandare.

Shekaru 11 ya yi yana koyarwa a sakandare, biyu a Dayton ta jihar Kentaki, tara a South Bend ta Indiyana, da safe yana aji da rana yana filin wasa. A nan ne ya lura da yadda wasu iyaye ke ɗaukar ɗansu a matsayin wanda ya gaza muddin bai sami maki mafi girma ba, alhali Allah bai ba kowa basira iri ɗaya ba. Wannan ya sa tun 1934 ya tsara wa kansa ma'anar nasara, wato natsuwar da mutum ke samu idan ya san ya yi iyakar abin da zai iya, sannan ya shafe shekaru 14 yana gina wani jadawali mai siffar dala da ya ƙunshi halaye 15, wanda ƙwazon aiki da himma ke riƙe da kusurwoyinsa na ƙasa, imani da haƙuri kuma na can sama.

An gwada wannan aƙida a 1947, lokacin da yake horar da ƙungiyar kwalejin horon malamai ta jihar Indiyana. An gayyaci ƙungiyar zuwa wata gasar ƙasa wadda dokarta ta hana baƙar fata shiga, alhali akwai baƙar fata ɗaya a cikin yaransa, Clarence Walker, kuma ƙungiyar ta ƙi amsa gayyatar. A 1948 aka janye dokar, Walker ya buga gasar, suka kai wasan ƙarshe.

A shekarar ya koma UCLA, inda sai a kakarsa ta 16 ya fara ɗaukar kofin ƙasa. Salon horonsa na malamin aji ne tsantsa. A ranar farko yakan zaunar da samarin da jaridu suka riga suka zuzuta ya nuna musu yadda ake sa safa da ɗaure takalmi, domin safa idan ta tattare tana jawo bororo a ƙafa, bororo kuma yana hana ɗan wasa gudu. Yakan tsara atisayen kowace rana minti bayan minti a kan ƙananan katuna, ya fara a kan lokaci ya tashi a kan lokaci, sannan ya hana ashar da kushe abokin wasa. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna suna kallon atisayensa a kakar 1974 zuwa 1975, suka ƙirga kalamai da ayyukan koyarwa 2,326, suka gano cewa kusan rabinsu gajerun umarni ne na yadda za a yi abu daidai, yabo da faɗa kuwa kaɗan ne. Da wannan salo ƙungiyarsa ta ci kofi bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973, ta kuma yi wasa 88 ba a doke ta ba.

Addininsa ya fi bayyana a hali fiye da wa'azi. Yana karanta Littafi Mai Tsarki kullum, yana zuwa coci, yana kuma riƙe da ƙaramin gicciye a lokacin wasa, amma bai tilasta wa yaransa bin tafarkinsa ba. Fitaccen ɗan wasansa Lew Alcindor ya musulunta a 1968 yana ɗalibi a ƙarƙashinsa, daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar, kuma amincin da ke tsakanin Kiristan malami da Musulmin almajiri ya ɗore har mutuwa ta raba, abin da Abdul-Jabbar ya rubuta littafi guda a kansa a 2017.

Adalci ya buƙaci a ambaci tabon da ke cikin tarihin. Wani attajiri mai goyon bayan ƙungiyar, Sam Gilbert, ya riƙa yi wa 'yan wasa alherin da dokokin gasar suka haramta, kuma a 1981, bayan Wooden ya yi ritaya, hukumar gasar ta hukunta jami'ar ta umarce ta da ta raba gari da mutumin. Ba a tuhumi Wooden da laifi ba, amma zargin cewa ya kawar da kai daga abin da ya kamata ya bincika yana da nauyi, kuma bai dace masoyansa su share shi ba.

A gida kuwa, shi da Nell sun haifi 'ya'ya biyu, Nancy da James, suka zauna tare kusan shekaru 53 har ta rasu a ranar 21 ga Maris, 1985. Daga nan ya ɗauki al'adar rubuta mata wasiƙa a ranar 21 ga kowane wata, bai sake aure ba, bai kuma bar ɗan madaidaicin gidan da suka zauna a unguwar Encino ba, inda tsofaffin ɗalibansa suka ci gaba da kai masa ziyara suna neman shawara. An ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka a 2003, ya kuma rasu a Los Angeles a ranar 4 ga Yuni, 2010, yana da shekaru 99.