Dula: Mai Tsaya wa Mace a Lokacin Naƙuda

Dula mace ce da aka horar domin ta zauna da mai ciki tun daga fara naƙuda har ta sauka lafiya. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila, inda haihuwa ta koma asibiti, dangi kuma suka warwatsu, har mace kan haihu babu uwa babu goggo a kusa. Aikinta daban yake da na ungozoma: ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya, ba ta ba da magani.

Takan fara ziyartar mai cikin idan watan haihuwa ya gabato, su saba da juna, ta ji abin da matar ke tsoro da yadda take son a bi da ita. Ranar da ciwo ya tashi, ko da tsakar dare ne, waya kawai ake yi mata. A nan aikin yake. Tana nuna wa mai naƙuda yadda za ta riƙa jan numfashi, ta danna mata ƙugu idan ciwo ya taso, ta gasa mata baya da tsumma mai ɗumi, ta riƙe ta su yi tattaki, ta sauya mata kwanciya ko durƙuso. Idan likita ya yi bayani cikin sauri, takan warware mata shi a hankali, amma ba ta yanke mata shawara. Miji ma, wanda a Amurka da Ingila yakan shiga ɗakin haihuwa, tana nuna masa inda zai sa hannu. Ma'aikatan jinya suna tashi aiki wasu su karɓa. Ita ba ta gusawa, kuma wannan zaman shi ne babban amfaninta.

Likitocin yara biyu, John Kennell da Marshall Klaus, sun ga tasirin hakan a wani asibiti a Gwatemala. Binciken da aka wallafa a 1980 ya nuna matan da aka zauna tare da su sun fi saurin haihuwa ƙwarai. A 1992 su da Penny Simkin da wasu suka kafa ƙungiyar DONA mai horar da dula. Nazarin ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane na 2017, wanda ya haɗa mata sama da 15,000, ya gano cewa irin wannan rakiya na rage yawan yin tiyata.

Bayan haihuwa akwai dular jego, mai taya shayarwa da girki da reno domin uwa ta sami barci, tana kuma lura ko baƙin cikin bayan haihuwa ya kama ta. A ƙasar Hausa uwa da dangi ne ke ɗaukar wannan nauyi kyauta idan mace ta je goyon ciki. A Amurka kuwa biya ake yi, don haka matalauta, waɗanda suka fi bukata, su ne suka fi rasawa. Jihohin Oregon da Minnesota ne suka fara biyan kuɗin ta shirin Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wasu jihohin suka biyo baya.