Injin ban ruwa ya ƙi ja: gyaran da za ka yi da hannunka kafin ka nemi bakanike

Duk mai noman rani a gefen madatsar ruwan Kazaure, ko fadamun Babura, ko kwarurrukan Roni da Gwiwa, ya san ranar da inji zai tsaya masa ana tsakiyar ban ruwa. Tumatir yana fure, albasa ta fara kai, ga rana ga iska. A ƙasa mai yashi irin ta wannan yanki, 'yan kwanaki kaɗan babu ruwa sun isa fure ya zube. Kafin ka ɗora injin a babur zuwa gari, bakanike ya duba, a aika Kano a sayo kaya, lokaci ya riga ya tafi. Ga kuma tsadar mai: tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Injin da ke ƙugi ba ya kawo ruwa sosai, kuɗinka yake ƙonawa.

Abin da ya kamata ka sani shi ne, yawancin abin da ke tsayar da waɗannan ƙananan injuna abu uku ne: iska ta shiga inda bai kamata ba, datti ya toshe hanya, ko baƙin mai ya gaza. Dukkansu kana iya gano su a bakin gona da sufana, sukudireba da filaya.

Yadda injin yake aiki

Injin nan mai inci biyu ko uku kashi biyu ne a haɗe. Akwai ɓangaren wuta, mai shan fetur, wanda galibi samfurin Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na China. Sai ɓangaren ruwa, wato tukunyar da fanka ke juyawa a ciki. In matsala ta taso, fara tambayar kanka: injin ne ya ƙi tashi, ko ya tashi amma ruwa ne bai zo ba? Amsar ita za ta nuna maka ɓangaren da za ka taɓa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Fankar ba ta da ƙarfin ɗago ruwa daga kowane zurfi. Abin da take yi shi ne rage iskar da ke cikin tiyo, sai nauyin iskar sararin sama ya danna ruwan rijiya ya hau. Wannan nauyi iyakarsa kimanin mita 10, a aikace kuwa da wuya inji ya ja daga fiye da mita 7 zuwa 8, kuma tun kafin nan ruwan ya ragu ƙwarai. Shi ya sa 'yar huda kamar ta allura a tiyon ja take kashe aiki gaba ɗaya, amma irinta a tiyon turawa sai dai ta ɗan yi feshi. Ƙa'idar ita ce: inji ya fi iya turawa a kan ja. Kusantar da shi bakin ruwa, ka tsawaita tiyon turawa.

Inji ya tashi, ruwa bai zo ba

Fara da cika tukunyar. Buɗe murfin sama ka zuba ruwa har ya tumbatsa. Kada ka taɓa tayar da inji tukunya a bushe, domin akwai sil a bayan fanka wanda ruwa ne ke sanyaya shi. Ɗan lokaci kaɗan a bushe ya isa ya ƙone. In ka tayar, minti biyu ko uku sun wuce ruwa bai zo ba, kashe ka duba. Ƙara wuta ba ya maganin komai.

Daga nan sai ka raba gardama tsakanin inji da tiyo. Cire tiyon ja, cika tukunya, tayar da inji, ka ɗora tafin hannunka a shimfiɗe a bakin shigar ruwa, ba tare da ka sa yatsa ciki ba. In ya kama hannunka da ƙarfi, inji lafiyarsa lau, laifin na tiyo ne. To, sai ka ɗaga bakunan tiyon biyu ka cika shi da ruwa, ka bi shi da ido. Inda ya jiƙe, nan iska ke shiga. Duba kuma robar da ke cikin mahaɗa, da kilif ɗin da ya ɗaure tiyo. Nan ne iska ta fi sata.

In kuwa bai kama hannunka ba, kwance ƙusoshin bakin shigar ruwa. Akwai wata 'yar roba mai lilo a wurin, wadda ke hana ruwa komawa. Tana yagewa, ko tsakuwa ta tokare ta. In ita ma lafiya take, duba ƙarƙashin inji tsakanin tukunya da ɓangaren wuta. Ruwa na ɗiga a nan, sil ya tafi ke nan.

Abin da za ka iya ƙerawa da kanka

Tsohon tif na babur ko na mota dukiya ne a bakin gona. Yanka shi tsiri-tsiri mai faɗin yatsa biyu, ka naɗe mahaɗa da shi kana ja da ƙarfi, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Da shi kuma za ka yanka sabuwar robar mahaɗa: ɗora tsohuwar a kai, zana da biro, yanke da almakashi. Wannan zai kai ka ƙarshen ban ruwan ranar, har ka sami ta kanti.

Matacin bakin tiyo kuwa, in ya ɓata ko ya fashe, kada ka jefa tiyo haka nan. Tsakuwa ɗaya tana iya karya fanka. Nemi guntun bututun roba mai inci huɗu, tsawon rabin mita, ka toshe ƙarshensa, ka huda jikinsa da ƙusa mai zafi. Kuskuren da ake yi shi ne ƙarancin huda. Bakin tiyo mai inci uku daidai yake da huda kusan 160 masu faɗin milimita 6. Saboda ganye da gansakuka za su toshe wasu, yi ninki biyu ko uku na haka. Huda ashirin ko talatin shaƙe injin kawai za su yi.

Kada kuma matacin ya kwanta a laka. Sa shi cikin tsohon bokiti ko kwando, ko ka rataye shi a jikin turke, ya nutse aƙalla kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa, amma bai taɓa ƙasa ba. Yashi shi ne ke cinye fanka a hankali, har ka ga injin da a da yake cika fangali nan da nan yanzu yana jan ƙafa.

Daga watan Maris zuwa Afrilu ruwan ƙasa yakan ja baya. Inji bai lalace ba, zurfin ne ya fi ƙarfinsa. Dabarar da manoma ke yi ita ce haƙa rami a gefen rijiyar a sauke injin ƙasa da mita ɗaya ko biyu. Dabara ce mai kyau, amma akwai haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, tana taruwa a rami, tana kisa. Yi ramin da faɗi, baki a buɗe. Ka tayar ka fito nan take, kuma kada yaro ya shiga yana aiki.

Inji ya ƙi tashi

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, baƙin mai. Da yawan waɗannan injuna suna da na'urar da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye inji a karkace. Daidaita shi a wuri mai lebur, buɗe murfin, man ya kai bakin ramin. Cikinsa bai fi kashi shida cikin goma na lita ba, don haka ɗan raguwa kaɗan yana da tasiri. Kada ka bari a cire maka wayar wannan na'ura don inji ya tashi. Ita ce ke tsakaninka da sayen sabon inji.

Na biyu, fetur. In ka saya a galan wurin 'yan bumburutu, zuba kaɗan a farar kwalba ka bari ya natsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa. A gindin kafireta akwai ɗan kofi mai ƙusar tsiyaya. Rufe famfon mai, kwance ta, ka zubar da abin da ya taru. In inji yana tashi ne kawai in an rufe cok, ko yana hawa yana sauka, ramin man da ke cikin kafireta ne ya toshe. Zare silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi ka share shi. Ban da allura, domin za ta faɗaɗa ramin, inji ya koma shan mai har abada.

Na uku, fulogi. Kwance shi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi a bushe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Baƙi a jiƙe da maiƙo, ringi sun fara cinyewa. Goge shi, ka tabbatar tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Don gwada wuta, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba, ka ja igiya. Tartsatsi shuɗi kake nema.

Na huɗu, soson iska. Lokacin hunturu ƙura ba ta ɗaga masa ƙafa. Mai ƙera injin ya ce a wanke shi duk bayan awa 50 na aiki, amma cikin buji duk mako ya fi. Wanke soson da sabulu, ya bushe sarai, ɗiga masa baƙin mai mai tsabta ka matse. In na takarda ne, kakkaɓe shi kawai. Cire shi gaba ɗaya don inji ya yi ƙarfi, shi ne buɗe wa yashi ƙofa zuwa fistin.

Inda ya kamata ka tsaya

Shuɗin hayaƙi mai yawa, ƙara kamar ana buga guduma a ciki, igiya ta yi sakwaf babu nauyi, ko ta ƙi jawuwa sam: waɗannan na bakanike ne. Haka ma canza sil, in ba ka taɓa gani an yi ba. Kuma kada ka taɓa sifirin da ke daidaita gudun inji. An saita shi kan juyi kusan 3,600 a minti, wuce nan gajarta masa kwana ne.

Shawara ga ƙungiyoyi

Ƙungiyar da ke da injuna biyar ko goma ta tanadi akwatin gyara guda: sufanar fulogi, sufana lamba 10 da 12, filaya, fulogi biyu, sil biyu, kilif, igiyar ja da galan na baƙin mai. In wani zai shiga Kano, a haɗa kuɗi ya sayo a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kuma ya tafi da tsohon kayan a hannu don a gwada. A ajiye littafi ga kowane inji, a riƙa rubuta awannin aiki. Sabon inji a canza masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Mai ban ruwa awa biyar kullum, kwana ashirin ke nan, ba sai ƙarshen rani ba. Yana da kyau kuma a zaɓi matashi ɗaya ko biyu su zauna wurin bakanike na 'yan makonni kafin a fara aiki.

Idan damina ta sauka za a ajiye inji, tsiyaye ruwan tukunya ta ƙusar ƙasa, zazzage fetur daga tanki da kafireta, canza baƙin mai, ka naɗe tiyo a inuwa. Fetur da ya kwana wata biyar a kafireta yakan zama danƙo, shi ne dalilin da injuna da yawa ke ƙin tashi a watan Nuwamba, daidai lokacin da iri ke jiran dashe. Allah ya ba da rani mai albarka.