Nimoniya: Kwana na uku ne ke yaudarar mai shan magani

Idan hunturu ya sauka a Abuja, ƙura ta lulluɓe Dutsen Aso har ba a hango shi sosai daga Sakatariyar Tarayya, tari kan cika ofisoshi. Mafi yawansa mura ce da ke wucewa da kanta. Amma a cikin masu tarin akwai wanda nasa ke zuwa da zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da kaki mai kauri, da suka a haƙarƙari duk lokacin da ya ja numfashi. Ya je asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa, wataƙila ya tura shi ɗaukar hoto, sannan ya ce nimoniya ce. Ya rubuta masa ƙwayoyin kwana biyar ko bakwai, ya sallame shi gida.

Ranar farko da ta biyu ba ya wasa da magani, domin ciwo na tuna masa. A rana ta uku zazzaɓi ya sauka, abinci ya fara shiga. Sai waya ta buga: maigida na da taro, ana neman wani fayil da ba wanda ya san inda yake sai shi. Washegari da asuba ya baro Kubwa ko Mararraba don ya riga cunkoso, ya bar katin magani a kan tebur. Na rana ya wuce, na dare ya manta. Abin da ya rage sai a jefa shi cikin durowa, a ajiye don wata rana. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ke faruwa a cikin huhu

Nimoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, kumburi ne a ƙananan jakunkunan iska na huhu. Idan ƙwayar cuta ta shiga, jakunkunan kan cika da ruwa ko mugunya, iskar da jini ke buƙata ta ragu. Akasin abin da ake yawan faɗa, ba ruwan sanyi ko fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ke haddasa ta ba. Ƙwayoyin cuta ne, kuma a cikin dangin bakteriya wadda ta fi yawan jawo ta ita ce Streptococcus pneumoniae.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2019 nimoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar, wato kashi 14 cikin 100 na mace-macen yaran wannan rukuni. Tana kuma tsananta ga tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu sikila, da masu shan taba, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Maganin kashe bakteriya, wato antibayotik, bakteriya kaɗai yake kashewa. Ba ya taɓa ƙwayar bairos da ke kawo mura. Shi ya sa matakin farko na shan sa lafiya shi ne a bar likita ya tantance. Wanda ya tsaya a kemis ya sayi kafso huɗu saboda tari, ko dai ya sha maganin da ba ya buƙata, ko kuma ya sha ƙasa da abin da ciwonsa ke buƙata.

Kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko

Ga babban mutum da ciwonsa bai tsananta ba, likitoci kan fara da amoksisilin, ko haɗinsa da aka fi sani da Augmentin. Wani lokaci sukan zaɓi azitromaisin, ko kilaritromaisin, ko doksisaikilin, ko kuma lebofuloksasin. Zaɓin ya danganta da abin da majiyyaci ya faɗa, don haka kada a yi wa likita rowar bayani.

Wanda fenisilin ya taɓa fito masa da ƙuraje ko kumburi ya faɗa, domin amoksisilin ɗan gidansu ne. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa, domin ana kauce wa doksisaikilin a lokacin goyon ciki. Mai ciwon ƙoda ya faɗa, don a daidaita masa adadi. Mai ciwon zuciya ma haka, saboda azitromaisin, kilaritromaisin da lebofuloksasin na iya dagula bugun zuciya ga wasu. Kilaritromaisin ba ya jituwa da simbastatin, maganin rage kitse a jini. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, yana buƙatar sa ido na musamman. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, ya tafi da su.

A sayi magani a wurin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Tun 2010 hukumar ta fito da tsarin kankare wani ɓangare na kwalin magani a tura lambar ta saƙon waya don tabbatar da sahihancinsa, kuma ana samun wannan a jikin antibayotik da dama. A kuma karɓi adadin da aka rubuta gaba ɗaya. Sayen rabi da niyyar cikowa idan albashi ya shigo shi ne mafarin yanke magani. Ma'aikacin tarayya da ke cikin tsarin inshorar NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magungunan da tsarin ya ƙunsa yake biya.

Agogo na cikin magani

"Sau uku a rana" ba yana nufin duk lokacin da aka tuna ba. Ana son tazarar kusan awa takwas, misali ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare, domin ƙarfin maganin kada ya faɗi a cikin jini. Na sau biyu kuwa tazarar awa 12 ne. Ga wanda ke bin maigida daga taro zuwa filin jirgi, dabarar ita ce ya saita ƙararrawar waya, ya kuma sa katin a aljihu. Kada a bar shi cikin mota a rana, zafi na lalata magani.

Idan an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa. A nan sai a bar wanda ya wuce. Ba a haɗa biyu don ramuwa. Mai niyyar azumi kuma ya tambayi likita tukuna, kada ya matse shan magani uku tsakanin magariba da asuba da ra'ayin kansa.

Abinci ma na da nasa hukunci. Augmentin ya fi sauƙi ga ciki idan aka sha shi a farkon cin abinci. Doksisaikilin da lebofuloksasin kuwa, maganin gyambon ciki irin mai alli, da ƙwayar ƙarin jini, da sinadarin zinki kan riƙe su a hanji su hana su shiga jini, don haka a raba su da aƙalla awa biyu. Mai shan doksisaikilin ya ba da irin wannan tazara tsakaninsa da madara, yogot ko fura da nono. Ya kora shi da cikakken kofin ruwa, kada ya kwanta sai bayan rabin awa, domin yana iya ƙona maƙoshi.

Ga yara, adadin magani na bin nauyin jiki. A auna na ruwa da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi, ba da cokalin shayi ba. Wasu na ruwan na buƙatar firij bayan an haɗa su, abin da ke da wuya inda wuta ba ta tsayawa. WHO ta fi ba da shawarar amoksisilin mai narkewa a ɗan ruwa, wanda ba ya buƙatar sanyi.

Fuska biyu na kwana na uku

Idan magani ya dace, ana sa ran ganin sauƙi cikin awa 48 zuwa 72. Saukar zazzaɓi alama ce cewa ana cin galaba, amma huhu bai gama warkewa ba. Gaskiya ne binciken shekarun nan ya nuna cewa kwana biyar kan wadatar ga manya da yawa, kuma tsawaita magani ba dalili na da tasa illar. Sai dai likita ne ke yanke wannan hukunci, bayan ya duba zafin jiki, numfashi da bugun zuciya. Majiyyaci ya cika kwanakin da aka rubuta masa, kada ya rage, kada ya ƙara.

Ɗaya fuskar ta fi haɗari. Idan kwana uku sun cika babu sauƙi, ba lokacin sayen wani magani "mai ƙarfi" ba ne, lokacin komawa asibiti ne. Mai yiwuwa ƙwayar cutar ba ta jin wannan maganin, ko ruwa ya taru a gefen huhu, ko kuma ciwon wani ne daban.

Akwai alamun da ba a jira kwana uku a kansu: numfashi da ƙyar ko da sauri har sau 30 a minti ga babba, ruɗewa ko yawan barci, leɓe ya yi shuɗi, tarin jini, jiri idan an miƙe, ko amai da ke hana magani zama. A wajen yaro ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 a minti ya yi yawa, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya kasa sha, ko ya yi jijjiga, a garzaya da shi. Irin waɗannan na buƙatar allura, da iskar oksijin a wasu lokuta.

Maganin kansa na iya kawo matsala. Tashin zuciya da ɗan sakin ciki abu ne da aka saba gani. Amma ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin fuska ko harshe, da shaƙewar numfashi na nufin a daina sha nan take a nufi sashen gaggawa. Gudawa mai tsanani ko mai jini na buƙatar likita, ba maganin tsayar da zawo ba. Mai shan lebofuloksasin da ya ji ciwo a agara ya tsaya ya sanar da likita. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan wannan dangin magani saboda haɗarin tsinkewar jijiya.

Idan tarin ya ƙi tafiya

Tari da kasala na iya ɗaukar makonni bayan an gama magani, kuma wannan kaɗai ba dalilin sake sayen antibayotik ba ne. Amma tarin da ya kai mako biyu, musamman tare da rama da gumin dare, na buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta tare da maganinsa a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Lebofuloksasin na iya lafar da alamun tarin fuka na ɗan lokaci, ya jinkirta gano shi, alhali yana cikin magungunan da ake dogaro da su wajen tarin fuka mai taurin kai.

Ragowar da ke cikin durowa

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan ƙasa da kima na iya koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ragowar kafson nan da aka ajiye, gobe matar gida ko direba ko maigadi za a miƙa wa, a kan ciwon da ba a tantance ba, a adadin da bai isa ba. Ta haka ake ƙarar da ƙarfin maganin da wata rana ɗan cikin gidan zai buƙata.

Rigakafi na nan. Najeriya ta fara shigar da allurar kariya daga nimoniya cikin rigakafin yara na yau da kullum a ƙarshen 2014, kuma ya kamata iyaye su duba katin 'ya'yansu. Shi kuwa ma'aikacin da likita ya ba hutun jinya, ya miƙa takardar a ofis ya zauna a gida. Maigidan da hadiminsa ya dawo aiki kwana uku bayan an ce nimoniya ce, kafin ya tambaye shi fayil, ya fara tambayarsa ko ya gama shan magani.