Gasar Zanen Gini a Dausayi: Yadda Ɗalibai Ke Fafatawa Kan Hasumiyar Kallon Tsuntsaye

Kimanin kilomita 40 daga birnin Abu Dhabi akwai wani dausayi mai suna Al Wathba. Wani ɓangare na ruwansa ya samo asali ne daga matatar ruwan datti ta Mafraq da ke kusa, amma tsuntsayen filamingo suka ga wurin ya yi musu, suka fara ƙyanƙyasa a ciki. A 1998 Sheikh Zayed ya sa aka killace shi, a 2013 kuma ya shiga jerin dausayoyin Ramsar, yarjejeniyar da aka ƙulla a Iran a 1971. Dubban filamingo ne ke sauka can lokacin sanyi.

A kan wannan fili ne kamfanin Bee Breeders, wanda yanzu ake kira Buildner, ya haɗa kai da hukumar muhalli ta Abu Dhabi suka shirya gasar zanen hasumiyar kallon tsuntsaye. Komai ta intanet ake yi: rajista, sauke bayanan fili, tura zane. Ɗalibai na shiga a farashi mai ragi, kuma akwai kyauta da ake ware musu. Kamfanin ya yi irin wannan gasa kan gandun Pape na ƙasar Latbiya.

Hasumiya abu ne mai sauƙi a ido. Wahalar tana wajen tsuntsun. Filamingo kan tara laka ta yi ɗan tudu, ta saka ƙwai ɗaya tal a kai. Ruwa ya ɗan ƙaru, sheƙa ta nutse; ya ja baya, dila ya samu hanya. In hayaniya ta yi yawa, garken na iya watsar da sheƙoƙin gaba ɗaya. Don haka ɗalibin da ya zana katafaren gini na kankare mai gilashi ko'ina ya faɗi tun kafin alƙalai su duba kyansa, domin gilashi mai walƙiya na ruɗar tsuntsu ya yi karo da shi, harsashin kankare kuma na tare hanyar ruwa. Zanen da ke da ma'ana shi ne wanda ya tsaya kan sirarran turaku, ya ɓoye mai kallo a bayan asabarin katako ko kara, ya bar iska ta ratsa maimakon na'urar sanyaya ɗaki, sannan a iya kwance shi ba tare da ya bar tabo ba.

Yawancin masu shiga ba su taɓa taka filin ba, kuma a nan fasaha ke shigowa. Global Surface Water Explorer, wanda cibiyar binciken Tarayyar Turai ta gina kan Google Earth Engine, yana nuna inda ruwa ya kwanta da inda ya ƙafe tun daga 1984, daga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat. Kyauta ne, a burauza ake buɗe shi. Manhajar eBird na nuna tsuntsayen da aka gani a wuri da watan da aka gan su. QGIS na taswira da Blender na zanen 3D su ma ba a biyan ko sisi, sai dai su kam waya ba za ta ɗauka ba, dole sai kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ƙara da kuɗin rajista da ake biya da kuɗin waje, ɗalibin Zariya ko Yamai ya san gasar ba daidai take farawa ga kowa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: zane kaɗan ne daga irin waɗannan gasanni ke zama gini. Hoto mai kyau a allo bai san damina ba. Makarantar Makoko mai yawo a kan ruwa a Legas, wadda Kunlé Adeyemi ya zana a kan gangunan roba kimanin 250, an kammala ta a 2013. A Yunin 2016 ta rufta bayan ruwan sama mai ƙarfi, a shekarar da sabon samfurinta ya ci lambar yabo a Benis. Allah ya kiyaye, an riga an kwashe yaran.

Dausayin Hadejia-Nguru shi ma yana cikin jerin Ramsar, kuma matsalarsa ta fi ta Al Wathba nauyi, don mutane ne ke noma da su da kiwo a cikinsa. Tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa yanayin ambaliyar ya canja, ciyawar kachalla ta toshe magudanai ta cinye gonaki. A Senegal, inda irin wannan ciyawa ta mamaye bakin kogi, ana busar da ita a cakuɗa da yumɓu a yi tubalin da ke tare zafi, a kuma yi jinka da ita. Ɗalibin da ke neman abin da zai zana kafin gasa ta gaba zai iya buɗe taswirar ruwan Nguru a wayarsa yau, ya kwatanta 1984 da shekarun baya-bayan nan, ya ga inda turakun gininsa za su tsaya.