Kada A Rage Wa Tsoho Ruwa

A Wushishi, kamar sauran garuruwanmu, tsoho a gida yake jinya, a hannun 'ya'ya da jikoki. Abin da ya fi wahal da masu jinya shi ne tsoho ya kasa riƙe fitsari. Waɗansu sai su rage masa ruwan sha don kada ya jiƙa shimfiɗa. To, wannan kuskure ne babba.

Ga dalili. In ruwa ya ƙaranta a jiki, kashi yakan bushe ya taru a hanji. Hanjin nan kuwa maƙwabcin mafitsara ne. In ya cika sai ya danne ta, fitsari ya riƙa zuba. Wani lokaci ma kashi mai ruwa yakan ratso ta gefen busasshen, a zaci zawo ne, a ba da maganin tsai da shi, abu ya daɗa lalacewa. Tramadol da kodin su ma suna ƙulle ciki.

Saboda haka a ba shi ruwa da kunu da rana, musamman da bazara, a sassauta da dare, sai fa in likita ya ƙayyade. A yawaita wake da zogale da gwanda. A rage goro da shayi. A kai shi bayan gida bayan karin kumallo, fitsari kuwa kowace awa 2 ko 3. In ya ɓata jiki, a wanke, a tsane, a shafa man kaɗe, ban da faɗa, gama kunya takan sa tsoho ya ƙi ci da sha.

In an ga jini, ko amai da kumburin ciki, ko fitsari ya tsaya cik, sai asibiti nan da nan.

Ɗalibai, in kun je hutu ku gaya wa mutanen gida.