Jikan baiwa daga Borno da ya tuƙa jirgin sojan Turkiyya

A birnin Izmir aka haifi Ahmet Ali Celikten cikin 1883. Kakarsa baiwa ce da aka ɗauko daga ƙasar Borno, daular da ikonta ya taɓa kaiwa har Damagaram.

Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1904, ya fito hafsa a 1908. Da Daular Usmaniyya ta buɗe wa sojan ruwanta makarantar tuƙin jirgin sama a 1914, sai ya koma can. A 1917 aka tura shi Berlin ƙaro ilimi.

Masana tarihi na lissafa shi cikin baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jirgin soja a duniya. Ya rasu a 1969, amma a ƙasar kakarsa kaɗan ne suka san sunansa.