Aikatau Mai 'Yar Rakiya a Turancin Waya da Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin da ya taso daga Rawayya ko Tsafe zuwa cibiyar jarrabawa a Gusau yakan ci karo da umarnin na'ura tun kafin ya ga tambaya ta farko. Da yawa daga cikin irin wannan umarni an gina shi ne da abin da masana nahawun Ingilishi ke kira "phrasal verb", wato aikatau da ke tafe da wata 'yar kalma kamar "in", "out", "up" ko "off", wadda duk da ƙanƙantarta ita ke yanke hukunci kan ma'ana.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin aikin da Ingilishi ke ɗora wa 'yar rakiyar shi ne Hausa ke ɗora wa ƙarshen aikatau, inda "fita" ke zama "fito", "saya" kuma ta koma "sayar". Haka nan wanda ya san cewa cin amana da cin jarrabawa ba su da alaƙa da tuwo ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa "back up" a waya ba ja da baya ba ne, adana kwafin hotuna da lambobi ne a wani wuri dabam saboda ranar da waya za ta ɓata ko ta faɗa ruwa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin "sign up" da "log in". Na farko rajista ce da ake yi sau ɗaya tak, na biyu kuwa komawa ne cikin asusun da aka riga aka buɗe, don haka wanda ya rikita su yakan wayi gari da asusu biyu ko uku a Facebook, ga lambar sirri ta shige masa duhu. Mafi hatsari shi ne mantawa da "log out" a shagon intanet, inda mutum zai cike fom, ya biya kuɗinsa, ya tashi ya bar asusunsa a buɗe ga duk wanda ya gaji kujerar, tamkar mai shago da ya tafi masallaci ya bar makulli a jikin ƙofa. Shi kuwa "shut down", mutanen Zamfara sun san shi a aikace tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar.

Haddar dogon jeri ba ta cika amfani ba, ganin cewa kalmomin suna nan a wayar da ke aljihu. Ya kamata malaman Ingilishi a makarantun Bunguɗu, Tsafe da Gusau su riƙa koyar da su bibbiyu, kowace da kishiyarta, da waya a hannu, tun kafin lokacin rajistar JAMB ya zo.